Ƙoƙari da Turanci: Inda Aikin Littafin Ya Kwana

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Aikin da na sa a gaba a wannan zango ɗan ƙaramin littafi ne, shafi 32, a kan kalmomin da Bature ke amfani da su idan yana maganar ƙoƙari: *try*, *attempt*, *effort*, *endeavour*, *strive*, *struggle* da *manage*. Bayani da Hausa, misalai da Turanci. Don 'yan aji uku na babbar sakandare nake yin sa, masu shirin WAEC da NECO, musamman 'yan matan da ke zuwa mana darasin Asabar da Lahadi a Gwammaja. Ina so ya shiga hannunsu tun jarrabawa ba ta ƙaraso ba. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, ko wani malamin zai amfana, ko kuma ya ƙara mini da abin da ya sani.

Abin da ya ja ni ga waɗannan kalmomi shi ne yawan kayan da muka ɗora wa kalmar ƙoƙari. Yaron da ke zuwa na ɗaya a aji, mai ƙoƙari ne. Matar da ta ciyar da 'yan biki har kowa ya ture, ta yi ƙoƙari. Wanda aka roƙa abu kuma ba ya son ya ce a'a, zai ƙoƙarta. Wanda ya sa takalmi ya ɗauki makulli, yana ƙoƙarin fita ke nan. Duk waɗannan, a rubutun ɗalibaina, *try* suke komawa.

Hutun nan na yi shi ne ina bin tsofaffin littattafansu, duk jimlar da ɗaya daga cikin kalmomin ta fito sai in kwafe ta a guntuwar takarda. Kwalin takalmi ya kusa cika. Wadda ta fi maimaituwa ita ce irin wannan: *I was trying to go out when my aunt came*. Yarinyar tana nufin tana shirin fita sai ga gwaggonta. Wanda Turanci ne harshensa kuwa zai ɗauka kulle ta aka yi a ɗaki tana kokawa da ƙofa. *About to* take bukata, ba ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. Da wannan zan buɗe littafin, wato wuraren da ƙoƙari ke shiga a Hausa amma *try* ba ta da gurbi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai, rabin ajin da safa da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi, kowa na tari. Duk da haka na karanta musu daftarin babin *try*.

Na gina babin a kan bambancin da Hausa ta riga ta yi da kanta, tsakanin ƙoƙartawa da gwadawa. Turanci kalma ɗaya gare shi, sai abin da ya biyo bayanta ya raba gardama. In *to* ce ta biyo, ƙoƙartawa ce, akwai wuya a ciki kuma babu tabbas: *try to open the window*, tagar ta cije, ki ƙoƙarta ki buɗe ta. In kuwa aikatau mai *-ing* ne ya biyo, gwadawa ce. Buɗewar ba wuya, abin da ake son gani shi ne ko za ta yi amfani: *try opening the window*, gwada buɗe tagar ko hayaƙin zai fita. Ina faɗar haka da Hausa sai na ga ana gyaɗa kai. Littattafan nahawu kan ci shafi guda suna kewaye-kewaye a kan wannan darasi, alhali ɗan Hausa yana yawo da amsar a bakinsa.

Na sa ɗan tarihin kalmar, don shi ke haɗa ma'anonin da suke ganin ba su da dangantaka. Daga tsohon Faransanci ta zo, *trier*, wato tsincewa, ware mai kyau daga maras kyau, kamar yadda ake zuba shinkafa a tire a tsince tsakuwa. Daga nan ma'anar shari'a ta fito: alƙali yana tantance gaskiya da ƙarya, sai aka ce *to try a case*, zaman kotun kuma *trial*. Na rubuta *he was tried in Kano* a allo, wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, an yi masa ƙoƙari a Kano ke nan?" Na ce gurfanar da shi dai aka yi. Aka kwashe da dariya, har da ita.

Tarkon da ya fi ba su mamaki shi ne *trying* idan tana siffanta abu. *A trying year* shekara ce mai gwada haƙurin mutum. Saboda haka *a trying student* ba ɗalibi mai ƙoƙari ba ne, ɗalibi ne mai ƙure haƙurin malami. Akwai wadda ta taɓa kwatanta ƙawarta da haka a rubutu, da nufin yabo. *Try on* ta wurin tela ce, wannan ba ta ba kowa wuya ba. *Try and come* kuma a baka ba laifi, amma a takardar jarrabawa su tsaya ga *try to*.

Alhamis, 23 ga Janairu

Bayan an tashi makaranta na biya Kantin Kwari wurin ƙanena mai sayar da shadda da yadi, in karɓo wa Hajiyarmu saƙo. Na same shi zaune a kan dila, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Yaya, gara da kika zo. Duba min nan, ni ban ga abin da na faɗa ba."

Akwai wani Ba'indiye da ke haɗo masa kaya daga waje. Wannan karon kaya sun iso a kan lokaci, launi bai saɓa ba, ba a yi masa ƙwange ko na yadi ɗaya ba. Cikin jin daɗi ya tura masa saƙo: *You have really tried*. Sai mutumin ya amsa yana tambayar mene ne matsalar kayan, a turo masa hoto in akwai wanda ya lalace. Ƙanena ya ƙara turawa: *No problem, you tried*. Mutumin ya shiga ba da haƙuri, har da alkawarin zai duba farashi a karo na gaba.

Na ce, "Kai yabo ka yi, shi jaje ya ji. A wurinsu in an ce wa mutum haka, ana nufin ya yi iya yinsa amma abin bai kai ba. Maganar da ake yi wa wanda ya faɗi jarrabawa ce."

"To me zan ce masa?"

"Ka ce *you did an excellent job*."

Ya rubuta yana ƙunƙuni, wai Turanci ba shi da kara. Dattijon da ke shagon kusa, yana auna yadi da sanda ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Hajiya, ai mu in ka ce wa mutum ya yi ƙoƙari, ka gama biyansa."

Har na sauka daga adaidaita sahu ina juya maganar dattijon nan, don ita ce ƙashin bayan littafin. Ƙoƙari a Hausa mutum take aunawa: me ya zuba, da wace zuciya. Ba ruwanta da an samu ko ba a samu ba, shi ya sa ake faɗa wa wanda ya ci, a faɗa wa wanda ya faɗi. Kalmomin Turancin kuwa kusan kowacce tana tafe da labarin sakamako a tare da ita. In Bature ya ce *he tried to*, mai sauraro ya fara zargin abin bai yiwu ba. In ya ce *he managed to*, ya yiwu. Don haka ba bisa jerin haruffa zan tsara babukan ba, bisa tambaya ɗaya zan tsara su: aikin ya yiwu, ko bai yiwu ba, ko ba a faɗa ba?

Asabar, 25 ga Janairu

Na aro ƙamus biyu a wurin wata abokiyar aiki, na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, don in tattara ɓangaren Hausa. Yunƙuri, himma, ƙwazo, hoɓɓasa, dagewa, jajircewa, naci, fama, fafutuka, gwagwarmaya, faɗi-tashi, zage damtse, tashi tsaye. Ga kuma tuƙuru, haiƙan, wurjanjan, ka'in da na'in, ba ji ba gani. Namu sun ninka bakwai ɗin can, sai dai yaran yanzu duk sun tattara sun jingina a kan ƙoƙari. Ba zan yi jadawalin kalma gaban kalma ba, don irin wannan jadawalin ne ya haifi abin da ke cikin kwalin takalmi. Jimla gaban jimla zan yi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun ɗan kai ruwa rana da malamin da muke raba ajin Turanci da shi. Ya karanta daftarin, ya ce duk inda na kawo irin su *you have tried* in sa jan gicciye a gefe in rubuta kuskure ne, a wuce wurin. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Mai duba takardar WAEC yana auna abu huɗu ne a insha'i: abin da aka faɗa, yadda aka tsara shi, yadda aka furta shi, da tsabtar nahawu da rubutu. Yaro bai da lokacin falsafa, a gaya masa daidai da ba daidai ba kawai.

Ni kuwa ban yarda a kira abin da mutane miliyoyi ke faɗa kullum su fahimci juna da sunan kuskure ba. Daga Legas zuwa Maiduguri, *you have tried* yabo ne, kuma malamin nan da kansa ya faɗa wa shugabar makarantarmu haka ranar rabon kyaututtuka, a lasifika. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga cikinsa, har da *Kannywood*, *okada*, *danfo* da *next tomorrow*. In na ce wa yarinya abin da mahaifinta da malaminta da mai karanta labarai ke faɗa shirme ne, ko dai ta daina yarda da ni, ko ta daina buɗe baki.

Inda muka tsaya: alama biyu. Ɗaya "a gida", ɗaya "a jarrabawa da waje". Kowace jimla ta Najeriya za a kawo ta da mutuncinta, a faɗi abin da take nufi a nan, sannan a faɗi abin da baƙo zai ji. Bai gamsu sosai ba, amma ya ce zai duba misalan.

Biyu daga cikin waɗanda za su shiga wannan sashe. *More grease to your elbow* tamu ce, ta Ingila ita ce *more power to your elbow*, *elbow grease* kuma gumin da ake yi ne wajen goge-goge da wanke-wanke, da alama a nan aka haɗa biyun suka zama ɗaya. Sai *well done*, da muke gaida mai aiki da ita yana tsakiyar aikinsa. Wannan sannu da aiki ce kawai aka juya. A Ingila sai an gama, kuma an yi kyau, ake faɗarta. Mu tun mutum yana duƙe muke gaishe shi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau shekara 49 da kashe Janar Murtala Muhammad, tun safe maganarsa ake a rediyo. Ranar ta ba ni misalin da nake nema don babin *attempt*.

A safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, aka buɗe wa motarsa wuta a Legas, a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. Aka kashe shi, aka kawo shi nan Kano aka binne. Amma gwamnatin ba ta faɗi ba, Obasanjo ya hau. Shi ya sa abin ake kiransa *attempted coup*. Kisan kuwa ba wanda ke kiransa *attempted assassination*, domin ya tabbata. Rana ɗaya, mutane ɗaya, aiki biyu, ɗaya ya yiwu ɗaya ya ci tura, kuma a kan wanda ya ci turan kaɗai *attempted* ke hawa. Haka na Manjo Gideon Orkar na 22 ga Afrilu 1990 a kan gwamnatin Babangida. Haka a kotu: in ka ji *attempted murder*, wanda aka nufa yana nan da ransa.

Daga cikin kwalin na ciro wannan: *My father attempted to build a house for us*. Na san gidan, suna ciki, har an yi fenti. Yarinyar ta ga *try* ta yi mata arha, ta nemi babbar kalma don ta girmama mahaifinta, sai ta mayar da shi wanda ya fara gini ya kasa.

A duk kalmomin, wannan ce ke da 'yar'uwa mafi kusa a Hausa, wato yunƙuri. Tashi ɗaya ne, ana ƙirga shi: na farko, na biyu. A nan ne ma take sakin maganar faɗuwa, don ana cewa *she passed at the first attempt*, ta ci a zaman farko. A kan takardar jarrabawa kuma, *attempt all questions* na nufin kar a bar ko ɗaya ba a taɓa ba. Tushenta Latin ne, ɗaya da na *tempt*, daga kalmar da ke nufin taɓawa ko gwadawa.

Wani abu da ya faɗo ina cikin wannan: *essay*, wato insha'i, ma daga Faransanci take, *essai*, gwaji, sunan da marubucin Faransa Montaigne ya sa wa rubuce-rubucensa a 1580. Na gaya wa ajin cewa abin nan na kalma 450 da ke hana su barci, sunansa ma gwaji ne. Ba wadda ta ji sauƙi, amma zai shiga a ƙasan shafi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Da yamma na shiga cikin birni gaida Kawu. Tsohon akawu ne, a tafireta ya yi ƙuruciyarsa, a sakatariyar Audu Bako ya yi ritaya. Na same shi a soro a kan buzu, rediyo a gefe. Da na ambaci *endeavour* sai ya kashe rediyon, ya aiki yaro ya ɗauko masa akwatin ƙarfe. A ciki fayil ne ɗaure da jan zare, takardun sun yi ja, duk kwafin kabon, harafin *e* a toshe a kowane layi. Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa har ya kai inda yake nema: *Please endeavour to attend*.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kin ga wannan? In Di'o ko Babban Sakatare ya rubuto maka ita, ba shawara yake ba ka ba. Hularka kawai za ka ɗauka."

Na ce, "Kawu, ai ƙamus cewa ya yi ƙoƙartawa ce."

"Ƙamus bai yi aikin gwamnati ba. *Try* in ka ga dama. Wannan kuwa, in ba ka je ba sai ka amsa tambaya a rubuce."

Tarihin kalmar yana bayan Kawu. An gina ta ne a kan tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin wajibi, asalin maganar ita ce mutum ya ɗora wa kansa abu a matsayin wajibi. Har yau a wasiƙun ofis da takardun yarjejeniya take zaune, can lauyoyi ke rubuta *best endeavours*. Ɗalibai suna son ta saboda tsawonta, suna ganin tana jawo maki. A wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko kwamishina ta dace. A wasiƙa zuwa ga ƙawa ba ta da wurin zama, balle *I endeavoured to eat my food* da na tsinta a kwalin.

Rubutunta iri biyu ne, Ingila da *u*, Amurka babu. Mu na Ingila muke bi. Don su riƙe, na sa musu labarin jirgin ruwan Kyaftin Cook da ya bar Ingila a 1768 da wannan suna, da kumbon Amurka da aka raɗa wa sunan jirgin, wanda ya fara tashi a 1992. Amurkawa da kansu suka bar *u* ɗin a jikin kumbon saboda mai sunan.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama jiya, makarantu sun tafi hutu, darasin ƙarshen mako ya koma saƙon murya ta WhatsApp. Kafin a watse na yi musu ɗan gwaji a makon jiya: jimloli a allo, kowacce amsa ɗaya, ya yiwu, bai yiwu ba, ko ba a faɗa ba. *Tried* da *attempted* sun zauna. Inda aka watse shi ne *manage* da *struggle*.

*Manage* ta daɗe da zama 'yar gida. Yaya kasuwa? Ana maneji. Ba yawa, ki yi maneji da shi. A bakinmu lallaɓawa ce da haƙuri da abin da bai isa ba. Da suka ga *she managed to pass*, mafi yawansu suka ce ba ta ci ba, ko kuma an dai lallaɓa. Alhali ta ci, da ƙyar dai. Karin maganar da ta warware musu ita ce da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni: wanda ya sha da ƙyar shi ne *managed to escape*, wanda aka kama kuwa *tried to escape* ya yi. Manejin namu na haƙura da kaɗan, Turancinsa *make do with*. Asalin kalmar daga Italiyanci ne, sarrafa doki da hannu da linzami, daga nan manaja ya samo sunansa.

*Struggle* fuska biyu gare ta. In *for* ko *against* ta biyo, gwagwarmaya ce, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Nan Gwammaja gidan Malam Aminu Kano yake, Mambayya, wanda yanzu cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma a Kano aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Abin da suka yi shi ne *struggle for* 'yancin talaka da *struggle against* zalunci. Amma in mutum ɗaya ne da darasi ko aiki, fama ce, alamar abin yana ba shi wuya. Wata ta rubuta *I am struggling in mathematics* tana nufin ta dage tana ta karatu. Mai karantawa zai ɗauka lissafin ne ya gagare ta. *Working hard at* ya kamata ta ce.

*Strive* ba ta ci lokaci ba. Himma ce mai dogon zango, kalmar taken makaranta da jawabin rantsarwa. Abin lura biyu ne: *strove* da *striven*, sannan kar a haɗa ta da 'yar'uwarta *strife*, wadda rikici ce. *We must strife for peace* ta fito a kwalin fiye da yadda nake so.

Talata, 11 ga Maris

Na kai daftari wurin mai tsara shafi a Fagge. Yana zuba rubutun a kwamfutarsa, duk masu lanƙwasa suka koma 'yan akwatuna, taken littafin kansa ya zama akwati, o, akwati, ari. Ya ce, "Anti, a bar su a k da d mana, ai kowa zai gane." Na ce littafin da ke koya wa yara kula da bambancin kalmomi ba zai fita yana rubuta ƙafa da kafa iri ɗaya ba. Muka zauna muna canza salon harafi har muka dace da wanda ke ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sai da ya ta da janareto. Kuɗin takarda ya ƙara tashi, zan rage yawan kwafi a bugun farko.

Ina jiransa na ƙarasa babin *effort*. Suna ce kawai, ba ta da aikatau, sai an nemo mata abokin tafiya. Mu da yi muke yin komai, sai yara su ce *do effort*. Turanci *make an effort* yake cewa, ko *put effort into*. Tushenta ɗaya da *force* da *fort*, daga kalmar Latin mai nufin ƙarfi, kuma 'yan ajin kimiyya sun riga sun san ta a darasin liba (*lever*), ƙarfin da ake sa wa a ɗaga kaya. A cikin bakwai ɗin ita ce ta fi kusa da ƙoƙarinmu, don abin da aka zuba take aunawa, ba ta ce an samu ko ba a samu ba. Wanda ke son ya gode wa mutum a kan wahalar da ya sha, *thank you for all your efforts* ta ishe shi. Na tura wa ƙanena ita ya ajiye.

Asabar, 22 ga Maris

Na karɓo shafukan gwaji. Sun kai 34, mai bugu ya ce sai dai 32 ko 36, don huɗu-huɗu takarda ke naɗuwa. Kuɗin 36 babu, don haka sai an yanke. Abin da zai tafi shi ne sashen karin maganar Turanci, su *leave no stone unturned* da *burn the midnight oil*. Da ma sun haddace su fiye da kima, kowane insha'i sai an kunna fitilar tsakar dare. Zan bar *do your best* da *give it a try*, su ne ake bukata kullum.

Abokin aikina ya dawo da nasa kwafin da jan biro. Ya kama wurare biyu da alamar "a gida" da ta "jarrabawa" suka sauya wuri a shafi na 19, ya kuma nemi a ƙara *hustle*, tunda kowane yaro yanzu cewa yake yana *hustling*. A nan buga-buga ce ta neman halak, a wajen ƙasar nan kuwa tana iya ɗaukar ma'anar damfara. Layi uku za ta ci, ina ganin za ta shiga ƙarƙashin *struggle* in na matse misalan NEPU.

Saura tambayoyin gwaji na shafin ƙarshe da amsoshinsu, da saƙon murya na *endeavour* da *strove*, don furucinsu na ba su wuya. Bango bai kammala ba. Gyara zai koma Fagge ranar Litinin, mai bugu ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya sallami masu katin biki na bayan Salla, don haka rabawa sai makon da aka koma makaranta.